Uban da ya bar 'ya'yansa ba ci ba sha: abin da doka ta ce

Akwai wata maƙwabciyarmu da ke soya awara a ƙofar gida kowace yamma. Tun da mijinta ya sake ta ya tafi Legas, shekara huɗu ke nan, ko sabulu bai aiko wa yaransu uku ba. In ta buga masa waya ya ƙi ɗagawa, in ta je wajen yayansa sai ya ce, "Ki yi haƙuri, Maman Abba, ba a kai uban 'ya'ya kotu." Da kuɗin awarar nan take biyan makaranta da na Islamiyya, har da maganin zazzaɓi. Ba ta san cewa duk watan da ya wuce tana wannan haƙurin, haƙƙin yaran ne yake zubewa ba.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Shari'a na Arewa suke hukunci da shi, ciyar da ɗa wajibi ne a kan uba, ko auren yana nan ko ya mutu. Nafaƙa ta ƙunshi abinci da sutura da wurin kwana, gwargwadon ƙarfin uban, kamar yadda aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Namiji ana ciyar da shi har ya balaga yana iya neman na kansa, mace kuwa har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Ko uwar tana da dukiya, nauyin ba ya komawa kanta.

Ga wurin da mata da yawa suke asara. Nafaƙar yara da ta wuce tana faɗuwa da shuɗewar lokaci, sai fa idan alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wanda ya ciyar bai yi da niyyar kyauta ba. Wato idan uwa ta yi shiru shekara huɗu sannan ta zo neman abin da ta kashe, za ta sha wuya kafin ta samu. Amma daga ranar da alƙali ya ce uba ya riƙa bayar da kaza duk wata, abin da bai biya ba ya zama bashi a wuyansa. Shi ya sa nake ganin masu cewa a yi ta jira suna cutar yaran ne, ko da niyyarsu mai kyau ce. Kafin ki kai ga kotu ma, ki faɗa a gaban shaidu cewa abin da kike kashewa za ki nema a wurin ubansu.

Da zarar an yi maganar kuɗi, wasu mazan sai su ce, "To ki ba ni 'ya'yana." Wannan barazana ce kawai a mafi yawan lokuta. Riƙon yara bayan saki, wanda malamai ke kira hadana, haƙƙin uwa ne. Ko ta yi wani auren, riƙon yakan koma wajen mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. Yaran suna hannunta, ciyarwa tana kansa.

Ba dole sai an fara da kotu ba. Mai unguwa, liman, ko Hisba a jihohi irin su Kano, suna kiran uba a yi sulhu; sai dai a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu. In ya ƙi, sai a shigar da ƙara a kotun Shari'a, a aika masa sammaci. Idan ya ɓace amma ya bar gida ko gona ko shago, alƙali na iya yanke nafaƙar a cikin dukiyar tasa. Wadda ba ta gamsu da hukunci ba tana da damar ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba hurumi a kan irin waɗannan al'amuran iyali.

Dokokin gwamnati ma ba su yi shiru ba. Sashe na 14 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya ba yaro damar neman ciyarwa daga iyayensa a kotun iyali. Dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta mai da watsar da mata ko 'ya'ya ba abin rayuwa laifi a sashe na 16: ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 3, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. A Abuja waɗannan dokokin biyu suke aiki kai tsaye, jihohi kuma kowace sai ta amince da tata.

Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ta tafi da takardar saki, takardun haihuwar yaran, rasit na makaranta da na asibiti, da shaidu biyu da suka san sana'ar uban da abin da yake samu.