Binciken gyara aiki a makarantu

Binciken gyara aiki hanya ce ta nazari wadda malami ko shugaban makaranta ke bi domin shawo kan wata matsala da ke damun aikinsa, ba tare da ya jira masana daga waje ba. Mai binciken shi ne mai koyarwar, ajinsa kuma shi ne fagen gwaji.

Asali

Galibi ana danganta hanyar da Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam da aka haifa a 1890, wanda ya bar Jamus zuwa Amurka a 1933 bayan 'yan Nazi sun karɓi mulki. A wata maƙala ta 1946 kan matsalolin tsiraru, ya nuna bincike a matsayin zagaye: a tsara, a aiwatar, a duba abin da ya biyo baya, sannan a sake tsari. Wasu na ganin John Collier, kwamishinan harkokin 'yan asalin Amurka daga 1933 zuwa 1945, ya riga shi amfani da sunan wannan hanya. Lewin ya rasu a 1947.

Stephen Corey na Jami'ar Columbia ne ya shigo da ita fagen ilimi sosai, da littafin da ya fitar a 1953. Sai dai wajajen ƙarshen shekarun 1950 kasuwarta ta faɗi, saboda masu suka sun ce aikin malamai bai kai a kira shi bincike ba.

A Ingila ta sake farfaɗowa. Lawrence Stenhouse, wanda ya jagoranci wani shirin manhaja daga 1967 zuwa 1972, ya sa malamai suna tattauna batutuwa masu zafi da ɗalibai matasa ba tare da sun goyi bayan wani ɓangare ba, kuma daga nan ya tsaya kan cewa malami ma mai bincike ne. John Elliott da Clem Adelman suka ɗora, suna kwatanta bayanin malami da na ɗalibai da na mai sa ido kan darasi ɗaya. Sau da yawa bakin ukun ba ya zuwa ɗaya, kuma a wannan saɓanin ake gano gaskiyar ajin. A shekarun 1980 Stephen Kemmis da Robin McTaggart na Jami'ar Deakin a Ostireliya suka yaɗa zagayen mai matakai huɗu.

Yadda ake yi

A ce malama ta lura yara huɗu ne kullum ke ɗaga hannu. Sai ta fara yin shiru na 'yan daƙiƙoƙi bayan kowace tambaya, tana rubuta sunan duk wanda ya amsa na tsawon makonni. Idan ba a ga canji ba, ta gwada wata dabara.

Suka

Ana cewa sakamakon aji ɗaya ba ya wakiltar sauran azuzuwa, kuma mai auna aikin kansa yakan yi wa kansa sassauci.