Feshin baƙin rami da tasirinsa kan iskar galaksi

Feshin baƙin rami wani siririn kwararo ne na ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke fitowa daga tsakiyar wasu galaksi (wato manyan tarin taurari), da gudun da ya kusa kamo na haske. Tushensa ƙaton baƙin rami ne, wato wuri a sararin samaniya mai ƙarfin ja da ko haske ba ya iya kuɓuce masa, mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi. Iskar gas da ke gangarowa wajen ramin takan yi faifai, tana juyawa tana ɗaukar zafi, sai maganaɗisun da ya murɗe a wurin ya fizgi wani kaso nata ya cilla ta fuska biyu, ɗaya gaba ɗaya baya.

Heber Curtis ne ya fara lura da irin wannan feshi a 1918, a galaksin M87 mai nisan tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 55. Tsawon abin da ake gani na feshin ya kai tafiyar haske ta shekara 5,000. Baƙin ramin da ke harba shi, mai nauyin rana kusan biliyan 6.5, shi ne wanda aka fitar da hotonsa a Afrilun 2019.

Inda aikin feshin ya fi fitowa fili shi ne a gungun galaksi na Perseus. Tsakanin galaksin gungun akwai iska mai zafin digiri miliyoyi, tana fitar da hasken eksire. Duk abin da ke fitar da haske kuwa zafinsa yake zubarwa. A lissafi, iskar da ke tsakiya ya kamata ta huce cikin ƙasa da shekara biliyan ɗaya, ta dunƙule, ta haifi taurari rututu, domin tauraro ba ya samuwa sai daga iska mai sanyi. Da aka duba, taurarin da ake haifa ba su kai ko kusa da hakan ba. Ke nan akwai mai iza wutar.

Na'urar hangen nesa ta ROSAT ta hango wasu koguna a cikin iskar a 1993, sannan takwararta Chandra, wadda aka harba sararin samaniya a 1999, ta nuna su sarai: kumfa ce manya-manya a gefe biyu na galaksin NGC 1275 da ke tsakiyar gungun, feshin ne ya hura su ya ture iskar gefe. Kumfar takan taso a hankali kamar ta ruwan da ya fara tafasa. A 2003 tawagar Andrew Fabian ta jami'ar Kambirij ta gano zobe-zobe a kewayenta, wato igiyoyin sauti da ke kai ƙarfin feshin nesa. Sauti ne a suna kawai, don ba kunnen da zai ji shi.

Abin ya yi kama da zugazugin maƙeri, sai dai wannan shi ke zuga kansa. Iska ta huce, ta faɗa wa ramin, feshi ya ƙaru. Feshi ya ɗumama ta, abincin ramin ya ragu, shi ma ya lafa. Masana da yawa na ganin wannan ne ya sa manyan galaksi masu siffar ƙwai suka cika da tsofaffin taurari ja.

A cikin galaksin da ke harba shi kuwa feshin ya fi ɓarna. A galaksin IC 5063, na'urar hangen nesa ta ALMA da ke hamadar Atakama ta ƙasar Cile ta nuna yadda yake bankar gizagizan iska mai sanyi yana kora su da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa guda.

Amma ba kullum feshin yake hana haihuwar taurari ba. Wani lokaci bankar kan matse gajimaren har ya dunƙule. A galaksin Centaurus A, mai nisan shekarun haske kusan miliyan 12, an ga jerin matasan taurari a kan hanyar feshin. Haka ma ƙaramar galaksin da ake kira Abin Minkowski: feshin maƙwabciyarta NGC 541 na dukan ta kai tsaye, ita kuwa tana ta fitar da sababbin taurari.