Wotafuruf ɗin nan da ake ta faɗa, me yake nufi?

Tunda wuraren shaƙatawa suka yawaita a Kaduna, masu hali kuma suka fara jera kujerun kushin a tsakar gida, kalmar wotafuruf ta zauna a bakin 'yan kasuwa. Mai yadin kujera a Kasuwar Gumi zai rantse maka nasa wotafuruf ne, kafinta a Fanteka ma haka, mai talla a rediyo kuwa har gishiri yake ƙarawa, wai ko ruwan Agusta ba ya yi wa kushin ɗinsu komai.

Kowa ya san ana nufin abin da ruwa ba ya ratsawa. Abin da ke ba ni haushi shi ne an cusa kaya iri biyu cikin kalma ɗaya, ana karɓar kuɗin mutane a kai. Akwai yadin da aka yi wa feshin magani a masana'anta: ka zuba masa ruwa sai ya dunƙule ya gangare, abin sha'awa a gaban mai saye. Wannan yayyafi kawai yake iya turewa, kuma wanki da omo da goga da buroshi suna cinye maganin. Akwai kuma mai rufin roba, dangin leda da tamfol, wanda shi ne ruwa ba ya ratsawa da gaske. Masana'antu suna da ma'auni: a tsayar da ruwa cikin bututu bisa yadin, a ga milimita nawa zai kai kafin ya fara ɗiga ta ƙasa. Yadin tanti na kirki yakan ɗauki 1,500 ko fiye. Tambayi mai shago nawa nasa yake ɗauka, ka ga kallon da zai yi maka.

Dabarar kanta tsohuwa ce. A 1823 wani ɗan Sikotland, Charles Macintosh, ya narkar da roba ya manne yadi biyu da ita, aka samu rigar ruwa. Tun a lokacin teloli suka ba shi ciwon kai, domin duk inda allura ta bi ta bar ƙofa, ruwa ya samu hanya. Rigar kuma takan ƙage a sanyi, ta yi danƙo a zafi. Shekara ɗari biyu ke nan, allurar ba ta canza hali ba. Saboda haka ko da ledar ta gaske ce, da zarar tela ya ɗinke ta ya sa zif, yadin ne wotafuruf, kushin ɗin bai zama ba. Ruwa zai bi layin ɗinki ya gangara cikin soso, kuma a nan ake yin ta: rufin da ya hana ruwa shiga da yawa shi ne zai hana wanda ya shiga fita. Sama a bushe ƙayau, ka zauna ka ji tsam a wando. Bayan 'yan kwanaki sai warin gumi, ka buɗe zif ka tarar da baƙin ɗigo-ɗigon fumfuna, soso ya fara marmashewa. A Sabon Tasha da Kakuri masu Turancin buroka ledar cefane suke kira wotafuruf, kuma ni a ganina sun fi masu talla gaskiya, don ita ba ta da ɗinki.

Kalmar kuma ba ta yi alƙawarin komai game da rana ba. Zafin Maris da Afrilu yana ƙoɗar da launi, hunturu ya busar da leda ta tsattsage, kafin damina ta dawo an riga an buɗe wa ruwa hanyoyi.

Idan za ka ba da ɗinki, ka ce wa tela zif ya koma ƙasa, ya kuma bar 'yan huji ko raga a gindin don ruwa da iska su fita. Kushin ɗin da ya jiƙe a zare soson, a matse, a jingina shi a tsaye inda iska ke kaɗawa, kada a mayar sai cikinsa ya bushe. Rufe kujera da tamfol har ƙasa ma gumi yake tarawa, a bar masa gefe a ɗage. Daga Mayu zuwa Oktoba kuwa, in hadari ya haɗo, a sa yara su kwashe kushin ɗin zuwa ɗaki, ko me aka rubuta a rasit.