Waɗanne Kalmomi Zan Fara Haddacewa? Amsa Ga Masu Koyon Harshen Waje

Tambayoyin nan su ne dai kullum: daga 'yan Kantin Kwari masu zuwa ƙasar Sin, da maniyyata, da ɗalibai masu neman tafiya karatu Masar ko Turkiyya, da masu hulɗar hatsi tsakanin Dawanau da Maraɗi. Ga su nan wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake aiko da irinsu.

Tambaya: Malam, wane fanni na kalmomi ya fi amfani?

Amsa: Ya fi amfani ga wa? Faɗa mini inda za ka buɗe baki da wanda za ka yi wa magana nan da wata uku, sannan in ba ka amsa. Mai sayar da waya a Farm Centre da mai shirin karatun likita ba jeri ɗaya za su riƙe ba, ko da harshe ɗaya suke koyo.

Tambaya: Littafin da na saya ya fara da sunayen dabbobi da 'ya'yan itatuwa da launuka. In bi shi a haka?

Amsa: A'a. Yaushe rabonka da ka ambaci raƙumin dawa ko a Hausa? Ka tsallake babin dabbobi. Launuka kuwa, in ɗan Kwari ne kai ko tela, su ne abincinka, har ka ƙara da "mai duhu", "mai haske", "mai zuba", "mai koɗewa". In ba haka ba, guda shida sun ishe ka a yanzu. Littafi ba ya sanin sana'arka.

Tambaya: Kalma nawa zan haddace a rana?

Amsa: Goma, kowacce a cikin jimla. Mai cewa yana haddace hamsin, a tambaye shi su ranar Juma'a mai zuwa.

Tambaya: To gaba ɗaya kalmomi nawa ke isar mutum?

Amsa: A Turanci an yi wannan lissafin tuntuni. Wani masanin koyar da Turanci, Michael West, ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da aka fi amfani da su a 1953, kuma kalmomi 2,000 na sahun gaba suna ɗaukar kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutu na yau da kullum. Kada wannan ya ruɗe ka. Kashi 80 yana nufin a kowace kalma biyar akwai ɗaya da ba ka sani ba, kuma galibi ita ce mai ɗauke da ma'anar zancen. Wani masanin kuma, Paul Nation, ya ƙiyasta cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da ƙamus ba yana buƙatar dangin kalmomi (wato kalma da rassan da suka fito daga gare ta) 8,000 zuwa 9,000. Wannan aikin shekaru ne. Shi ya sa zaɓen fanni ya zama dole: tunda ba za ka kwashe duka yanzu ba, sai ka ɗebi na wurin da ƙafarka za ta taka.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, wata uku ya rage in tafi Gwanzu ta ƙasar Sin sarin yadi. In fara da kalmomin yau da kullum ne ko da na sana'ata?

Amsa: To Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsarta ba guda ɗaya ba ce.

Mu fara da lissafi. Wata uku mako 13 ne. Kalma goma a rana, kwana shida a mako, ya ba ka 780 a takarda, kuma ba duka za su zauna ba. Wannan shi ne jarinka gaba ɗaya. Yadda ba za ka zuba jari a kayan da ba sa tafiya ba, haka nan ma.

Shawarata, wata na farko ka ba wa kalmomin da babu jimlar da ke tsayawa sai da su: ni, kai, wannan, wancan, akwai, babu, so, iya, ba ni, kawo, je, zo, yau, gobe, nawa, ina, yaushe, me ya sa, amma, idan. Waɗannan ba su da wani fanni, ko'ina suna nan. Wanda ya san sunan kayan masaƙa talatin amma bai iya cewa "ba wannan ba, irin na jiya" ba, yana da bulo babu siminti. Tsohon tsarin jarrabawar HSK ta Sinanci ya sa kalmomi 150 a mataki na ɗaya, 300 a na biyu, kuma wannan jerin ya isa ya zama ma'auninka na watan farko da rabin na biyu.

Sauran lokacin na sana'a ne, amma ba daga ƙamus za ka samo jerin ba. Ajiye ƙaramin littafi a shago kwana uku, duk abin da ka faɗa wa dila ko mai saye ka rubuta shi da Hausa yadda ya fito daga bakinka: "rage mini", "nawa ne na ƙarshe", "wannan ya fi wancan nauyi", "ba kalar da na zaɓa ba ke nan", "yaushe kaya za su iso". Abin da ya maimaitu sau uku, shi ne darasinka. Ka tsara su bisa wurin da za a faɗe su: wajen ciniki, wajen duba kaya, wajen biya, wajen lodi, masauki, mota.

A cikin wannan akwai wuraren da kuɗi ke zubewa, su nake so ka fi ba ƙarfi. Sinawa ba sa ƙirga manyan kuɗi da dubu yadda muke yi, suna da "wan", wato dubu goma, don haka dubu ɗari a wurinsu "wan goma" ne. Sifili ɗaya ya kuɓuce maka, ka san abin da ya faru. Huɗu "si" ne, goma "shi", kuma a bakin mutanen kudu sukan yi kama sosai, don haka kowane farashi a rubuta shi ko a danna a kalkuleta. Saye da sayarwa duka "mai" ne, karin sauti kawai ya raba su. Wannan bai kamata ya tsorata Bahaushe ba, mu da muke bambanta kukan yaro da kukar miya da murya kaɗai. Ragi kuma a juye suke faɗarsa: in an ce "zhe takwas", kashi 80 za ka biya, ragin kashi 20 ne kawai. Awo ma haka: "mi" mita ne, "ma" yadi, yadi kuwa bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗoriya. Kai da ke yanka turmi yadi shida, dole ka san da wanne aka yi maka farashi. "Jin" rabin kilo ne, "gongjin" ne cikakken kilo. Sai kafin alƙalami: akwai kalmomi biyu da ake furtawa iri ɗaya, "dingjin", harafin farko ne ya bambanta a rubuce. Ɗaya in ka fasa ciniki kuɗinka sun tafi, ɗayar galibi ana mayarwa. Wannan kam ko ba ka koyi karatun Sinanci ba, ka koyi gane waɗannan biyun da ido, kuma ka sa wanda ya iya ya duba takardar kafin ka sa hannu.

Amma fa duk wannan ya danganta. In tafiyar ta mako biyu ce, sau ɗaya, kuma kana da ejan mai yi maka tafinta, to rage buri: lambobi, awo, gaisuwa, abinci, da jimloli ashirin sun wadatar, ragowar ƙarfin ka sa shi a Turancin jigilar kaya, domin takardun kwantena da na kwastan a nan gida da shi ake cika su. In kuwa zuwa za ka riƙa yi duk shekara, ko kana son ka daina dogara da bakin wani a kan kuɗinka, to kalmomin yau da kullum su fi yawa, domin su ne za su ba ka damar ci gaba da koyo daga bakin mutane. Haka kuma in ka taɓa koyon wani harshe da kanka har ka yi nisa, kana iya haɗa biyun tun makon farko. Wanda wannan ne karonsa na farko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba ko ta wane hali shi ne ka kwashe wata uku a manhajar waya kana maimaita "yaro yana cin tuffa", ka sauka filin jirgi ba ka iya faɗar dubu hamsin ba.

Tambaya: Na yi Islamiyya, ina karanta littattafan Larabci, amma a Makka ba na gane maganar direba.

Amsa: Ba laifin malamanka ba ne, kuma karatunka bai ɓaci ba. Larabcin littafi daban, na titi daban. Ka koyi "aina" (ina?), direba zai ce "wen" ko "fen". Ka koyi "uridu" (ina so), shi "abga" yake cewa. Ruwa a bakinsa "moya" ne. Bamisire kuma "ayiz" zai ce in yana son abu. Kai da ka riga ka san ashirin, talatin, arba'in, da Lahadi zuwa Asabar tun daga Hausa, aikinka kaɗan ne: hanya, masauki, ciniki, asibiti, a karin harshen ƙasar da za ka. Sai dai ka kula da kalmomin da muka ara muka taƙaita ma'anarsu. In ma'aikacin jami'a a Alƙahira ya ce ka kawo "shahada", takardar shaidar karatu yake nema.

Tambaya: Ai lambobi na iya su, in wuce?

Amsa: Ka iya jera su, ko ka iya jin su? Sa wani ya karanto maka lambar waya da sauri ka rubuta. Masu Faransanci musamman: 70 "sittin da goma" ne, 80 "ashirin huɗu", 95 "ashirin huɗu da sha biyar". Wanda ke ciniki da mutanen Nijar kuma ya tuna cewa ko da Hausa ake magana, dala sefa biyar ce, jaka sefa dubu. Koma ka sake bita.

Tambaya: Ina haddacewa amma sai su cakuɗe mini. Ko ƙwaƙwalwata ce?

Amsa: Ƙwaƙwalwarki lafiya lau, 'yar'uwa, tsarin ne ba daidai ba. Masu bincike irin su Thomas Tinkham sun nuna tun 1993 cewa kalmomin da suke 'yan gida ɗaya, in an koye su a zama ɗaya, suna shiga wa juna. Dama da hagu, zafi da sanyi, ranakun mako bakwai, riga da wando da hula. Ki koyi "dama" yau ki yi kwana uku kina amfani da ita, sannan ki kawo "hagu". Fanni a wurina ba jerin abubuwa masu kama da juna ba ne, wuri ne da abin da ke faruwa a cikinsa: kemis, zazzaɓi, ƙwaya, sha, sau uku, bayan abinci, nawa. Waɗannan suna riƙe juna maimakon su ture juna.

Sannan kada ki ɗauki kalma tsirara. Mu muna shan magani, mu ci jarrabawa, mu ci bashi. Bature ba ya "sha" ko "ci" a ko ɗaya daga cikinsu, kowanne da aikatau nasa. A Faransanci ki haddace suna tare da "le" ko "la" ɗinsa tun ranar farko, domin ƙarshen kalma ba zai taimake ki yadda wasalin "a" ke taimakonmu gane tamata a Hausa ba. Bita kuma: washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Manhajar Anki tana yi miki wannan lissafin, katin kwali da akwatin ashana ma suna yi.

Tambaya: Jarrabawar IELTS ta Turanci zan rubuta.

Amsa: To kai jerinka daban. Nemi jerin kalmomin ilimi na Averil Coxhead na shekarar 2000, dangin kalmomi 570 ne. Ƙara da fannonin da ake yawan tambaya a kansu: ilimi, lafiya, muhalli, aiki, fasaha, da kalmomin bayyana jadawali, wato hawa, sauka, tsayawa cik, ninkawa. Ka daina farautar manyan kalmomi don burge mai maki. Kalmar da ka sa ba a muhallinta ba rage maka take yi.

Tambaya: Na haura hamsin, anya kuwa?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Baba. Wanda ya tashi da hadda da tilawa ya riga ya san sirrin bita fiye da yaran nan. Kalma biyar a rana, a faɗe su da murya.

Tambaya: Akwai fannin da mutane ke mantawa da shi?

Amsa: Biyu, kuma ina jin takaicin yadda ake barinsu sai ƙarshe. Na farko kalmomin ceton zance: "maimaita", "a hankali", "ban gane ba", "rubuta mini", "me ake kiran wannan", "me wannan ke nufi". Waɗannan shida a ranar farko ake koyonsu, kafin ma sunayen abinci.

Na biyu lafiya da ɓata hanya. Hajiya mai hawan jini ko ciwon suga da za ta sauke farali, ta san "dagt" (hawan jini) da "sukkar" (suga) da "mustashfa" (asibiti) da "saidaliyya" (kemis), ta iya faɗar inda ke mata ciwo da tun yaushe, ta kuma iya faɗar sunan masaukinta da lambar tantinta a Mina. Sunan maganin da take sha a rubuta shi da sunansa na asali na likitanci, domin sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. 'Ya'yanta su rubuta mata duka a kati ɗaya, da boko ko ajami, wanda ta fi iya karantawa, su riƙa yi mata tambaya a kai kullum bayan sallar isha'i har ranar da za a kira su sansanin alhazai.