Motar Tseren NASCAR Ba Irin Ta Kasuwa Ba Ce

Mutane da dama sun ɗauka cewa motocin da ke tsere a gasar NASCAR ta Amurka su ne waɗanda ake sayarwa a kasuwa, ganin cewa suna ɗauke da sunayen Ford, Chevrolet da Toyota, kuma sunan wasan kansa, wato "stock car" a Turance, yana nufin mota kamar yadda ta fito daga kamfani.

Wannan zato yana da tushe a tarihi. Bayan Bill France ya kafa NASCAR a 1948, an yi tseren farko na motoci irin na kasuwa a birnin Charlotte a watan Yunin 1949, inda Glenn Dunaway ya zo na ɗaya, amma aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper, saboda an gano an yi wa sifirin bayan motarsa kwaskwarima, irin wadda masu fasa-ƙwaurin giya suke yi don mota ta jure nauyi.

A yau kuwa suna ne kawai ya rage. Motar kejin bututun ƙarfe ce da aka lulluɓe da gangar jiki, ba ta da ƙofar da ke buɗewa, sai dai direba ya zura ta taga, fitilun gabanta ma sitika ne aka liƙa. Camry ta tsere tana da inji mai silinda 8 da ke juya tayoyin baya, alhali kamfanin Toyota bai taɓa sayar da Camry mai irin wannan inji ba.