Ɗalibi mai aiki, gundura da waƙa a kunne: tambayoyi da amsoshi

Ɗalibin da ke haɗa karatu da aiki yana amfani da ƙwaƙwalwarsa ta hanya biyu a yini guda: wani lokaci ta yi lodin da ya fi ƙarfinta, wani lokaci kuma ta zauna ba abin yi yayin da hannu ke maimaita abu ɗaya. Yawancinsu waƙa suke kamawa a duka halin biyu, alhali abin da take yi a nan ba shi take yi a can ba.

Me ya sa gundura ke kama mutum alhali hannunsa bai huta ba?

Domin gundura ba daga zaman banza kaɗai take zuwa ba. Mutum yana iya wuni yana jera kaya, ko shigar da lambobi a kwamfuta, ko gadin ƙofa, jikinsa ya gaji tiɓis, amma hankalinsa bai sami abin kamawa ba ko na minti goma. A shekarar 2012, John Eastwood na Jami'ar York da ke Kanada da abokan bincikensa sun bayyana gundura da cewa hali ne na mutumin da ke son ya shagala da abin da zai gamsar da shi, amma ya kasa. Ayyukan da ɗalibai ke samu sun fi kowane aiki haifar da wannan hali, domin ana koyonsu cikin kwana biyu ko uku, daga nan sai maimaici.

Kuma wannan ba lalaci ba ne. A 1948 Norman Mackworth ya wallafa binciken da ya fara saboda masu lura da rada, na'urar hango jirage daga nesa, a Birtaniya: ya sa mutane su zuba wa hannun wani agogo ido tsawon awa biyu, su danna maɓalli duk lokacin da ya yi tsalle ninki biyu. Bayan rabin awar farko sai kuskurensu ya ƙaru a fili, duk da cewa suna iyakar ƙoƙarinsu.

Shin waƙa tana rage gundura da gaske, ko ruɗin kai ne?

Tana ragewa, musamman a aikin da hannu ya riga ya haddace. Tun a 1937 Wyatt da Langdon suka nuna a Birtaniya cewa sanya kiɗa ga ma'aikatan masana'anta masu maimaita aiki ɗaya yana rage musu ƙosawa, yana kuma ƙara yawan abin da suke samarwa. A watan Yunin 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, BBC ta fara wani shirin kiɗa na rabin awa, sau biyu a rana, domin ma'aikatan masana'antu, shirin da ya kai har 1967. Masu shirin sun guji kiɗa mai sanyin da ke kawo gyangyaɗi, har ma an hana sanya wata waƙa mai tafi domin ma'aikata kan bi ta da buga kayan aikinsu a kan tebur.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Aikin maimaici yana barin wani sashe na hankali a sake, kuma wannan sashen ne ke ƙirga mintoci yana kallon agogo. Waƙa tana ba shi abin riƙewa, tana ɗaga kuzari, tana kuma yanka dogon yini zuwa guntaye masu farko da ƙarshe.

To me ya sa waƙar da ta taimaka a wurin aiki take ɓata karatu?

Nan ne ɗalibai da yawa ke cutar kansu ba su sani ba. Idan mutum yana karatu, ko hadda, ko lissafi a ka, yana maimaita kalmomi da lambobi ne da wata murya ta cikin zuciya, kuma baitin waƙa ta wannan ƙofar yake shiga ko ba a gayyace shi ba. A 1989 Pierre Salamé da Alan Baddeley sun gano cewa waƙa mai murya ta fi kiɗa zalla rikita riƙon jerin lambobi. Binciken Nick Perham da Joanne Vizard a birnin Cardiff, a 2010, ya fi ba da mamaki: sun sa mutane su tuna jerin haruffa bi da bi, sai aka tarar waƙar da mutum ke so da wadda ba ya so duk ɓarna ɗaya suka yi, kuma shiru ya fi su duka.

Wato jin daɗin waƙa ba shaida ba ce cewa tana taimako. Ɗalibi zai ji zaman karatun ya yi masa sauƙi, ya tashi yana ganin ya yi aiki, sai ranar jarrabawa ta nuna masa abin da ya zauna a kai da abin da ya wuce da kiɗa. Haka abin yake a wurin aikin ma: mai goge bene zai iya sauraron abin da ya ga dama, amma da zarar an zo ƙirga kuɗi, ko rubuta adireshi, ko karɓar saƙon mai saye, aikin ya koma na kalmomi da lambobi, kuma ya kamata a dakatar da waƙar.

Ba an ce kiɗan Mozart, shahararren mai tsara kiɗan nan na Turai, yana ƙara basira ba?

An faɗa, amma an kambama zancen. Binciken da Frances Rauscher da abokanta suka wallafa a 1993 ya shafi ɗaliban jami'a 36 ne da suka saurari kiɗan na minti 10 kafin wani gwaji na fahimtar siffofi, ba a lokacinsa ba, kuma tasirin bai wuce kwata ɗin awa ba. A 1999 wasu masu bincike sun ga cewa sauraron labari ma yana yin haka ga wanda ya fi son labari. Abin da ke aiki shi ne nishaɗi da kuzari, don haka wurin waƙar da kake so shi ne kafin ka buɗe littafi.

Me ya sa waƙar da nake so take gundurata, wadda ba na so kuma ta fara shiga raina?

Duka biyun aikin maimaici ne. Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan haɗuwa da abu yana sa a fara sonsa, shi ya sa ɗalibin da ke raina waƙoƙin da ake sanyawa a wurin aikinsa zai kama kansa yana rera amshinsu a hanyar komawa gida. Sai dai son ba ya hawa har abada. Daniel Berlyne ya kwatanta shi da tudu, wanda ake hawa har a kai ƙololuwa sannan a gangara, idan abu ya daina ba da mamaki.

A ganina wannan ne hasarar da ba a cika lura da ita ba. Wanda ya saurari waƙoƙi ashirin da ya fi ƙauna awa shida a kullum zai ƙone su cikin makonni, har ya wayi gari suna tuna masa da wurin aiki maimakon su fitar da shi daga cikinsa. Gara a ware wa aiki jerinsa daban, a riƙa sauya shi, a kuma yi amfani da waɗannan dogayen awanni wajen gwada kiɗan wasu ƙasashe da wasu zamanai. Lokacin ma ya dace da hakan, domin binciken Holbrook da Schindler na 1989 ya nuna cewa mutane sun fi manne wa waƙoƙin da suka yi tashe suna wajen shekara 24, wato daidai shekarun da mutum ke ɗalibta.

Idan zaɓina ya saɓa da na abokan aiki fa?

Kada a ɗauke shi raini. Mutane sun bambanta a yadda suke jure sauti: Adrian Furnham da Anna Bradley sun gano a 1997 cewa masu shiru-shiru sun fi masu son jama'a ɗaukewar hankali idan waƙa na tashi. Lasifikar da kowa ke ji ta kowa ce, don haka a yi karɓa-karɓa, kuma a rage murya ga wanda ke lissafi.

Ina iyakar da kunne zai iya ɗauka?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti) har awa 40 a mako, amma a desibel 90 lokacin ya ragu zuwa awa 4 kacal. Ta kuma yi gargaɗin cewa fiye da matasa biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro ba bisa ƙa'ida ba. Ɗalibi mai aiki yana cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin a wuri mai hayaniya yakan ƙure ƙarar iyafis don ya danne ƙarar inji ko ta motoci, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun lalace. Inda ake tuƙi, ko aiki da inji, ko jiran ƙararrawar gargaɗi, toshe kunne ganganci ne da rai, kuma shugaban da ya hana yana da gaskiya.

Idan an hana sauraro, ko waƙar ta daina amfani, sai yaya?

Waƙa tana lulluɓe gundura ne, ba ta sauya aikin. Idan ta daina tasiri, abin dubawa shi ne aikin kansa: a nemi musayar wuri da abokin aiki bayan awa ɗaya ko biyu, a roƙi shugaba ya koya wa mutum wani sashe da bai iya ba, a ɗauki gajeren hutu a miƙe ƙafa. Ɗalibi kuma yana da abin da sauran ma'aikata ba su da shi, wato darasin da ke jiransa. A aikin da hannu ke yi shi kaɗai, yana iya yi wa kansa tambayoyi a zuciya kan abin da ya karanta jiya, ya lura da inda ya kakare, ya duba wurin idan ya tashi. Janyo abu daga ƙwaƙwalwa ta wannan hanya ya fi sake karanta shafi zaunar da ilimi, kamar yadda Roediger da Karpicke suka nuna a 2006, kuma ba ya buƙatar waya ko iznin kowa.