Alamar f⁻¹ ba ta nufin ɗaya bisa f

A lissafi, f ƙa'ida ce da ke mayar da lamba x zuwa lambar da ake rubutawa f(x). Ɗalibai da dama sun daɗe suna ɗauka cewa f⁻¹(x) daidai take da 1/f(x), kuma ba laifinsu ba ne, tunda an koya musu cewa 2⁻¹ rabi ne. Amma a nan alamar tana nufin ƙa'idar da ke warware abin da f ta ƙulla. Idan f(x) = 2x + 3, lambar 4 za ta koma 11; domin a dawo da ita, sai a ɗebe 3 a raba biyu, wato f⁻¹(x) = (x − 3)/2. Gwajin ba shi da wuya: a sa 11 cikin amsar, dole 4 ta fito, alhali 1/f(11), wato 1/25, ko kusa ba ta kai ba. Don Allah a tura wa masu shirin jarrabawa wannan bayani.